Amsa ga 'yar'uwar da aka mayar baya a jerin masu jiran gidan hukuma

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin tambaya ko lokaci ya ƙure miki, tunda wata takwas ke nan da ƙaramar hukumarku a Ingila ta sauke ki zuwa rukunin ƙasa a jerin masu jiran gida, ga ki da yara uku a ɗaki ɗaya. Na daɗe ina taimaka wa mutanenmu da irin waɗannan takardu, kuma abin da ya fi cutar da su shi ne zaton cewa wa'adin guda ɗaya ne, alhali biyu ne.

Na farko gajere ne. Dokar gidaje ta 1996 ta ba ki damar neman a sake duba hukuncin da aka yanke miki, kuma yawancin hukumomi kwana 21 suke bayarwa daga ranar da wasiƙa ta iso. Wannan ya wuce ki, amma ki rubuta duk da haka, ki faɗi dalilin jinkiri idan haihuwa ce ko jinya ko rashin tafinta. Idan kuma halinku ya canza, misali likita ya tabbatar cunkoson yana cutar da lafiyar yaro, kina iya neman a sake auna buƙatarki ta gida a kowane lokaci.

Na biyu shi ne wata 12 na kai ƙara ofishin Local Government and Social Care Ombudsman, wato ofishi mai zaman kansa da ke binciken koke-koken jama'a a kan ƙananan hukumomi. A nan ne nake so ki natsu sosai, domin lissafin yana farawa ne daga ranar da kika fara sanin matsalar, ba daga ranar da hukuma ta aiko amsarta ta ƙarshe ba. Sannan ofishin ba ya karɓar ƙara sai kin fara kai kokenki ga hukumar da kanta, kuma yakan ba ta makonni da dama ta amsa. Ke nan wata huɗun da suka rage miki da ƙyar za su isa, don haka ki aika koken a rubuce cikin wannan mako, ki ajiye kwafi da kwanan wata. Na ga wata baiwar Allah da ta yi ta haƙuri da alkawuran baki ta waya har shekara ta zagayo, kuma ko da yake ofishin yana iya karɓar ƙara a makare idan akwai ƙwaƙƙwaran uzuri, nata bai samu shiga ba.

Kada ki kai wa Housing Ombudsman, wani ofishi ne daban, shi aikinsa koken 'yan hayar gidajen hukuma da na ƙungiyoyin gidaje ne a kan masu gidajensu, kamar gyara da danshi. Ki kuma sani cewa ofishin Local Government and Social Care Ombudsman ba ya raba gida. Yana duba ko an bi ƙa'ida ne, yana iya cewa a sake auna ki, a mayar miki da matsayinki na da, ko a biya ki diyya. Kafin ki aika, ki nuna wa ƙungiyoyin agaji masu ba da shawara, Shelter ko Citizens Advice, wasiƙar hukuncin, shawararsu kyauta ce. Allah Ya kawo mafita.