Yaya, ga maganar banki, ga kuma amsar ɗayar maganar

Yaya, saƙonka ya iso. Tambaya biyu ka yi mini, ɗaya a fili, ɗaya a naɗe. Ta fili ita ce, tunda ka ajiye aiki kana son ka zo ka zauna kusa da mu a Bankok, babban birnin Tailan, yaya za ka buɗe asusu a banki. Ta naɗen kuwa tana inda ka ce mu da muka daɗe a nan ai mun zama 'yan gari, Hausar ma sai a hankali. Bari in fara da mai sauƙin.

Tailan tana ba wanda ya kai shekara 50 izinin zama na ritaya, ana sabunta shi duk shekara. Sharaɗin shi ne bat 800,000, wato kuɗinsu na nan, a bankin ƙasar da sunanka kai kaɗai, ko shaidar cewa bat 65,000 na shigo maka kowane wata. Kuɗin za su kwana wata 2 kafin ka nema, su ƙara wata 3 bayan an ba ka, sauran shekarar kuma kada su yi ƙasa da 400,000. Aiki haramun ne a kan wannan izinin, ko tsaron shagona ne.

Inda gizo ke saƙa shi ne, banki zai ce kawo bizar dogon zama, jami'an shige da fice su ce kawo littafin banki. Saboda haka kada ka kuskura ka taho da bizar yawon buɗe ido. Ka nemi wadda ake kira Non-O, mai kwana 90, tun daga ofishin jakadancinsu na Abuja. Tun da 'yan damfarar waya suka riƙa amfani da asusun wasu, bankuna suka tsuke baki, kuma kowane reshe da irin halin manajansa. Za su nemi fasfo, da layin waya mai rajista da sunanka, da takardar shaidar inda kake zaune, ita kuma ba ta fitowa sai mai gidan ya cike fom ɗin TM30, wanda ake sanar da hukuma cewa baƙo ya sauka a gida. Wannan ni zan yi maka.

Abin da ba zan iya yi maka ba shi ne gyaran suna. Na san takardar fanshonka da Alhaji ta fara, fasfo kuma da wani rubutun na Muhammadu. A wurin yarinyar da ke bayan kanta, mutum biyu ke nan. Sa hannu ma sai ya yi daidai da na fasfo, kuma za ka yi shi har hannu ya gaji. Idan kuɗin ruwa ne damuwarka, akwai Bankin Musulunci na Tailan, tun 2003 yake aiki, wasu daga cikinmu can suke ajiya.

Yanzu ɗayar maganar. Sanda na zo cinikin duwatsu masu daraja, ina safa tsakanin unguwar Silom a nan Bankok da kasuwar ƙarshen mako ta garin Cantaburi, ba mu san wani banki ba. Adashi muke yi, kuɗin na wurin wani dattijo da muke sallah tare a masallacin Haruna na unguwar Bang Rak. Da na tashi buɗe asusu, rassa uku suka sallame ni da murmushi. A nan ba a ce maka a'a, sai dai a ce ka dawo gobe. A na huɗu uwargida ta raka ni, ta zauna, ta yi magana a hankali da harshensu, ta miƙa rajistar gidansu. Kafin azahar littafi yana hannuna.

Ita ce dai wadda kuka ce na auro don takarda. Gaskiya ne mai mata 'yar ƙasa bat 400,000 ake nema a wurinsa, rabin naka. Amma shekara huɗu muka yi da ɗaurin aurenmu kafin mu je ofishin gunduma a rubuta, don ba mu ma san ana bukata ba. 'Yar Fatani ce, can kudu inda Musulmi suka fi yawa, kakanta ta jirgin ruwa ya yi hajji. Ranar da na je neman aurenta, baffanta sai da ya tura ni gaba na ja su magariba kafin ya saurare ni. Su suka gwada musuluncina, Yaya, ba ni na gwada nasu ba. Kuma lokacin jinyar Inna, ka fi kowa sanin daga ina kuɗin asibiti ke fitowa. Abin da ba ka sani ba, ita ke tuna mini idan wata ya kama.

Yaran kuwa, ba zan ɓoye ba, ƙ da ɗ suna ba su wuya. Auta har yau "kasa" take cewa idan ƙasa take nufi. Amma Tayanci harshe ne mai karin sauti, har guda biyar, da dogon wasali da gajere kamar namu, saboda haka kunnensu ya fi na wasu yaran da aka haifa a birnin nan naku, masu gaishe ka da Turanci. Babban yana durƙusawa idan ya gaida manya, wani lokaci kuma ya haɗa tafukan hannu irin na mutanen nan, ya rasa wanne zai fara. Da ma Baba yana raye ya gani, da ya yi dariya har hawaye. Shi da ya yi shekara goma yana fatauci a Kumasi, ya dawo da kalmomin da ba mu gane ba, wa ya taɓa ce masa ya daina zama Bahaushe?

Idan ka zo, duk kwana 90 za ka sanar da hukuma inda kake, ranar sabunta izini kuma sai ka biya ta banki da sassafe a buga maka littafi, a ba ka wasiƙa, sannan mu kama hanyar Caeng Wattana, inda ofishin shige da fice yake. Uwargida ta riga ta ce ita za ta raka ka buɗe asusun, har ta ware maka ɗakin da ba ya fuskantar titi. Ka turo mini hoton shafin farko na fasfonka da na takardar fansho, in ga yadda aka rubuta sunan.