Kallon fiɗar gawa a talabijin zai koya mini anatomi, ilimin sassan jiki?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya. Ba mu da ɗakin gawa, sai mutum-mutumin roba guda ɗaya, shi ma hantarsa ta ɓace. Na samu bidiyon Bajamushen nan da ke feɗe gawa a talabijin, kusan kullum sai na kalla. Abokina ya ce kallon ya wadatar, har ya fara yi wa mutane allura da tsaga maruru a kemis ɗin yayansa. Ni dai gabana faɗuwa yake. Kallon yana da amfani kuwa?

Amsa: Ɗana, wannan faɗuwar gaban kada ka rabu da ita.

Gunther von Hagens kake nufi. A Nuwamban 2002 ya feɗe gawa a gaban 'yan kallo a Landan, tashar Channel 4 ta haska, alhali rabon da a yi haka a bainar jama'a a Ingila kusan shekara 170. A 2005 ya sake yin jerin shirye-shirye a tashar. Amfani kam akwai: za ka ga yadda hanta ta laɓe a ƙarƙashin haƙarƙari, da zurfin da ƙoda take, abin da zanen littafi ba ya nunawa. Ci gaba da kallo, littafinka a buɗe.

Abokin naka ne ya tsaya mini a rai, don irinsa ne ke cika mana asibiti. Gawa ba ta zubar da jini, ba ta zabura, ba ta suma. Abin da kyamara ke nuna maka an riga an share masa kitse, an haska fitila, gwani ya ɗaga jijiyar da tsinke ya ce ga ta. A jikin mai rai babu mai ɗaga maka. Mu a ɗakin gawa da yatsa muka koyi bambancin: jijiyar jini tana lotsawa don tana da rami, jijiyar saƙo kuwa kamar igiya take. Duk da haka ba a ba mu wuƙa a kan mai rai ba sai bayan shekaru, babba na tsaye a kanmu.

An taɓa kawo mini yaro ɗan shekara huɗu yana jan ƙafa, babban yatsansa na sharar ƙasa. Iyayen sun ce shan inna ce, kakar ta ce iska. Da na bincika, zazzaɓi ya yi, aka caka masa allura a tsakiyar ɗuwawu, ta sami jijiyar sayatik, wadda ta fi kowace jijiyar saƙo girma a jiki. Wanda ya yi allurar ya san sunanta sarai, har yana faɗa mini da Turanci! Sanin suna bai kai hannunsa sama ta gefen waje ba, inda ya kamata. Ƙaramin yaro ma cinya ta fi masa aminci.

Tsaga kumburi kuma ya fi ba ni tsoro. Kumburin matsematsi da ake ce wa maruru yana iya zama ƙaba, hanji ne a ciki. Ka tsaga, ka huda hanji, a cikin shago, ba jini ba iskar numfashi. Sai a kwaso mana shi da tsakar dare, a ce kwana ne ya ƙare.

Ka je ka faɗa wa abokin naka ya ajiye reza. In ya ƙi, ka sanar da malaminku, ba gulma ba ce. Kai kuma idan an tura ku asibiti koyon aiki, ka nemi izinin shiga ɗakin tiyata, ka sa takunkumi, ka tsaya bayan nas ɗin da ke miƙa kayan aiki.