Me Ya Sa Rezin Ɗinmu Ya Ƙi Kama Kalsiyam?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, sashen kimiyyar sinadarai. Muna tace ruwan burtsatse ta bututun da ke cike da rezin Amberlite IR-120, wato 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da roba, don cire kalsiyam. Jiya mun wanke shi da asid, amma yau ruwan na fitowa kamar ba a taɓa shi ba. Ko rezin ɗin ne ya mutu?

Amsa: Malama, da wuya a ce ya mutu, irin wannan rezin yakan yi shekaru yana aiki. Na fi zargin yadda aka zuba shi da kuma gaggawa.

Ki ɗaga bututun ki duba a haske. In kin ga 'yan kumfa sun maƙale tsakanin ƙwayoyin, ko wata tsaga ta ratsa su, to iska ta shiga. Ruwa kuwa hanya mai sauƙi yake bi, sai ya zurare ta tsagar ba tare da ya taɓa yawancin ƙwayoyin ba. Hakan na faruwa da zarar an bar ruwa ya janye ƙasa da saman rezin. Ki juye shi a kofin gilashi, ki dama shi da tsarkakakken ruwa kamar koko, ki tsiyaya cikin bututun da tuni akwai ruwa a ciki da audugar gilashi a gindi. Sabo busasshe kuma sai ya kwana a jiƙe, domin yana kumbura, har yakan fasa gilashi.

Sai maganar asid, inda ɗalibai suka fi ba ni tausayi. Ana wanke rezin da asid ne don haidurojin ɗin da ke cikin asid ɗin ya kori kalsiyam ɗin da rezin ya kama. Amma rezin ya fi riƙe kalsiyam da ƙarfi a kan haidurojin, saboda haka ba ya sakinsa da sauri. Ki yi amfani da HCl (asid ɗin haidurokulorik) mai ƙarfin 2M (M ma'aunin ƙarfin asid ne), ninki uku zuwa huɗu na yawan rezin ɗin, ɗigo-ɗigo, kamar awa guda. Kada ki sa H2SO4 (asid ɗin salfiyurik), zai haɗu da kalsiyam su daskare su toshe bututun. HNO3 (asid ɗin naitirik) mai kauri kuwa haɗari ne, yana iya jawo fashewa.

Daga nan ki ɗauraye har takardar pH, wato takardar gwajin asid, ta daina nuna asid, kuma ɗigon sinadarin AgNO3 (silba naitiret) a cikin ruwan ɗaurayar ya daina kawo farin gurɓata, alamar HCl ɗin ya fita.

Ki lura da launi ma. In ƙwayoyin sun koma jajayen ƙasa masu duhu, ƙarfen da ke cikin ruwan burtsatsen ne ya lulluɓe su. Ki bar su su kwana cikin HCl kafin ki ɗauraye.