Zambar dubu: cika ce ko mara?

Wani ɗalibi daga Zariya ya turo tambaya, wai shin kafin kalmar miliyan ta shigo Bahaushe na da sunan wannan adadi kuwa? Kuma me ya sa in an kama ɓarawo ake cewa dubunsa ta cika?

To ɗana, akwai suna mana. Zambar dubu ake cewa, wato dubu sau dubu, 1,000,000. Ita kalmar zambar ma'anarta dubu, amma ba ta tsayawa ita kaɗai, sai da wata lamba a bayanta, zambar goma 10,000, zambar ɗari 100,000, haka dai. Lokacin wuri aka fi jin ta, don kuɗin wuri ba ya ƙirguwa sai da manyan lambobi. Baturen nan ɗan Jamus Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, ka ga ko fatake sai sun iya lissafi ko a cuce su. Wuri 20,000 shi ake ɗaurewa a keso guda, ke nan zambar dubu keso 50 ce cif, kaya ne na raƙuma ba na aljihu ba.

Ita kanta lambar kuwa tana da abin sha'awa. Cika ce ba mara ba, tunda in ka raba ta biyu ba saura. 1,000 sau 1,000 ya ba ka ita, 100 sau 100 sau 100 ma ya ba ka ita, kuma ba kowace lamba ke haɗa waɗannan biyun ba, 64 ma tana yi, 729 ma. In ka yi ta farfasa ta har ƙarshe ba abin da za ka tarar sai 2 guda shida da 5 guda shida, shi ya sa 3 ko 7 ba sa raba ta ko ka kwana kana yi. Lambobin da ke raba ta ba saura guda 49 ne. Amma cire mata ɗaya tak, 999,999, sai labari ya canza gaba ɗaya, 3 da 7 da 11 da 13 da 37 duk su shiga. Ni wannan ya fi burge ni wallahi.

Batun ɓarawo kuma, daga karin maganar nan ne, rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Dubu a nan ba ƙidaya ba ce ta gaske, ba wanda ya zauna da kalkuleta yana lissafa masa kwanaki, yawa kawai ake nufi, kamar yadda muke cewa na gode sau dubu. Wani ranar farko ma ake damƙe shi, kuma a ce dubunsa ta cika.