Tambaya da Amsa: Ɗan Sa-kai a Ƙungiyar Zari-rugar Jami'a, da Fifikon da Ake Ba 'Yan Jiha

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Malam. Ina riƙon ɗan ƙanena tun bayan rasuwar mahaifinsa, kuma yanzu yana shekarar farko a wata jami'ar gwamnati a Amurka, inda yake karatun injiniya da kuɗin da ni da 'yan'uwana muke haɗawa. Yaro ne dogo kakkaura, wanda tun yana sakandare a nan Katsina aka san shi da gudu da jifan dalma. Kwanan baya ya bugo waya ya ce yana so ya shiga gwajin ƙungiyar zari-rugar jami'ar, irin ta Amurka da suke kira American football, a matsayin ɗan sa-kai, wato ba za a biya masa ko sisi ba, amma idan ya nuna ƙwazo ana iya ɗauke masa kuɗin makaranta nan gaba. Ya kuma ce akasarin 'yan sa-kan 'yan jihar ne, kuma su masu horarwa suka fi sani. Shin maganar ɗauke kuɗin nan gaskiya ce? Fifikon da ake ba 'yan jiha wariya ce ko kuwa? Sannan in bar shi ko in hana shi?

Daga wani baffa, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya saka maka da alheri a kan riƙon maraya. Yaron bai yi maka ƙarya ba, domin kowace shekara ana samun 'yan sa-kai da ake kira gaban jama'a a sanar da su cewa an ba su tallafin karatu. Sai dai hanyar da yake magana a kai an shimfiɗa ta ne da ɗan jiha a zuciya, kuma dalilin hakan ya fi kusa da lissafin kuɗi fiye da wariya.

Hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ta daɗe tana ƙayyade wa manyan jami'o'i yawan 'yan zari-rugar da za su ba cikakken tallafi, kuma shekaru da dama adadin 85 ne. To amma wasa ne mai cin jiki, ana yawan jin rauni, kuma atisaye kansa yana buƙatar mutane da yawa, don haka kafin 2025 ƙungiyoyi kan tara 'yan wasa 120 ko fiye. Duk wanda ya ɗora a kan masu tallafin nan, galibi da aljihun iyayensa yake karatu. A nan ne zama ɗan jiha yake da tasiri, domin jami'o'in gwamnati a can suna karɓar kuɗi iri biyu: mazaunin jihar yana biyan kaɗan saboda iyayensa na biyan haraji a cikinta, wanda ya zo daga waje kuwa sau da yawa yana biyan ninki biyu ko uku. Abin ya yi kama da yadda wasu jami'o'in jihohi a Nijeriya ke sauƙaƙa wa mai takardar shaidar ɗan asalin jiha, sai dai su a can ba asalin kakanni suke dubawa ba, zama suke dubawa, kuma a mafi yawan jihohi ɗalibin da ya shiga da bizar karatu ba ya samun matsayin mazauni komai daɗewarsa a makaranta. Saboda haka idan koci ya ce wa ɗan manomin jihar ya zo ya yi wasa ba tallafi, abin da yake nema daga gidansu mai yiwuwa ne. Idan ya faɗa wa naka yaron haka, nauyin da ya ɗora muku ya ninka.

Bayan kuɗi akwai sanayya. Mataimakan koci suna raba jihar a tsakaninsu, kowa da yankin da yake zagayawa, yana shiga makarantun sakandare yana zama da masu horar da yara, yana kallon wasannin daren Juma'a, sannan a lokacin hutun bazara jami'ar ta shirya sansanin atisaye inda za a auna gudun yaro da tsallensa da nauyinsa tun yana ɗan shekara 15 ko 16. Kafin ya gama sakandare sun san halinsa, sun san iyayensa, sun san ko yana da juriya. Ɗan jiha kuma ya fi zama, domin ya tashi yana sa rigar ƙungiyar, gidansu na kusa, kuma ba ya saurin tattara kayansa idan aka bar shi a benci. Wannan ya ƙara daraja tun daga 2018 da aka buɗe rumbun sauya sheƙa, wanda ya sauƙaƙa wa ɗan wasa barin wata jami'a zuwa wata. Akwai kuma kishi: idan fitaccen yaro ya tsallake jami'ar jiharsu ya tafi wajen abokan hamayya, magoya baya da masu ba da gudummawa sukan ɗora laifin a kan koci. Howard Schnellenberger, wanda ya ɗauki kofin ƙasa da Jami'ar Miami a kakar 1983, ya yi suna ne da shata kudancin Fulorida a matsayin gonarsa, yana ƙoƙarin kada wani gwani ya fita daga yankin.

Babu inda al'adar 'yan sa-kai ta yi ƙarfi kamar Nebraska, kuma ya dace a ɗan tsaya a kanta. Jiha ce ta noman masara da kiwon shanu, mutanenta ba su wuce miliyan 2 ba sosai, kuma ba ta fitar da fitattun yara da yawa kamar Teksas ko Fulorida. Tom Osborne, wanda ya horar da ƙungiyar jami'ar daga 1973 zuwa 1997, ya mayar da wannan rashi ya zama ƙarfi: yana tattaro yaran ƙananan garuruwa, wasunsu daga makarantun da ƙarancin ɗalibai ya sa ake wasa da mutum takwas ko shida maimakon goma sha ɗaya, a sa su ɗaga ƙarfe da cin abinci shekara biyu ko uku kafin su taka fili. Da irin wannan tsari ya ci kofin ƙasa a 1994 da 1995 da 1997. Filin wasansu da ke Lincoln yana ɗaukar mutum wajen 85,000, kuma tun 1962 ake sayar da tikitinsa kaf a kowane wasan gida, har akan ce ranar wasa filin shi ne gari na uku mafi yawan jama'a a jihar. Garin da ya tura ɗansa, ko da benci yake zama, mutanensa ba sa fashin kallo.

Ya kamata ka tambayi yaron wane irin ɗan sa-kai zai zama, domin iri biyu ne. Akwai wanda koci ya gayyata tun yana sakandare, aka tanadar masa gurbi da akwatin kaya, tallafi ne kawai babu. Akwai kuma wanda ya ga sanarwa ya je gwajin da ake yi wa ɗalibai gaba ɗaya, inda cikin mutane masu yawa za a ɗauki ɗaya ko biyu, wani lokacin ma a sallami kowa. Bisa bayaninka, naka yana cikin na biyun. Idan aka ɗauke shi, aikinsa na farko shi ne shiga rukunin kwaikwayo: ranar Talata mataimakin koci zai ɗaga kati mai zanen dabarun ƙungiyar da za a kara da ita ranar Asabar, a sa masa riga mai lambar wani gwanin abokan hamayya, ya tsaya gaban ƙato mai nauyin kilo 140 ya yi ta shan karo domin wancan ya saba. Ranar Asabar kuwa, idan wasan waje ne, mai yiwuwa a talabijin zai kalla a ɗakin kwanansa. Dokar NCAA ta ce kada atisaye da wasa su wuce sa'a 20 a mako, amma wannan lissafi bai haɗa da tafiye-tafiye da jinyar rauni da abin da ake kira aikin ganin dama ba, wanda kowa ya san ba na ganin dama ba ne. Abin da yake samu tabbas shi ne horo, da kayan wasa, da abinci, domin tun 2014 aka yarda a ciyar da 'yan sa-kai kamar kowa.

Na san labaran da yake karantawa. Brandon Burlsworth ya shiga Arkansas a ɗan sa-kai, ya zama gwani, ƙungiyar Indianapolis Colts ta gasar ƙwararru ta NFL ta ɗauke shi a 1999, ya rasu a haɗarin mota kwana 11 bayan haka, kuma tun 2010 ake ba da lambar yabo da sunansa ga ɗan wasan da ya fi fice cikin waɗanda suka faro a sa-kai. J.J. Watt ya bar tallafin da yake da shi a Central Michigan ya koma Wisconsin ba tare da komai ba, har ya yi aikin kai wa mutane abinci gida, kafin Houston Texans su ɗauke shi na 11 a zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL a 2011. Baker Mayfield ya faro haka a Texas Tech, ya ci lambar Heisman ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i a 2017 da Oklahoma, ya zama na farko da aka ɗauka a zaɓen NFL na 2018. Stetson Bennett ya jagoranci Jojiya ta ci kofin ƙasa sau biyu a jere, a kakar 2021 da 2022. Duk gaskiya ne, amma ka lura cewa Burlsworth ɗan Arkansas ne, Watt ɗan Wisconsin, Mayfield ɗan Teksas, Bennett ɗan Jojiya, kuma dukansu sun yi shekaru suna wasan kafin su shiga jami'a.

Ƙofar ma ta ƙara ƙuntata. A watan Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sasancin shari'ar da 'yan wasa suka shigar a kan NCAA, wadda aka sani da sunan House, wanda ya ba jami'o'i damar biyan 'yan wasa kai tsaye, kimanin dala miliyan 20.5 ga kowace jami'a a shekarar farko. A ƙarƙashinsa an cire iyakar tallafi 85, aka sa iyakar 'yan wasa 105 a ƙungiya, tare da sassauci ga waɗanda suke ciki tun da farko. Jami'a na iya ba duk 105 ɗin tallafi, ko da yake ba dole ba ne. Ko ta wane ɓangare aka duba, gurbin ɗan sa-kai ya ragu, kuma koci da ke da gurbi kaɗan zai fi ba wanda ya sani tun yana yaro.

Duk da haka ban ga dalilin hana shi gwaji ba. Christian Okoye ya bar Enugu a 1982 ya tafi Azusa Pacific domin jifan faifai, bai taɓa wasan ba sai 1984, amma a 1989 shi ne ya fi kowa nisan gudu da ƙwallo a gasar NFL tare da Kansas City Chiefs. Masu horarwa suna son jiki da gudu, kuma mai jifan dalma yana da abin nunawa. Shawarata ita ce ku ci gaba da lissafin kuɗin makarantarsa kamar babu wani tallafi da zai zo, domin ko an ba ɗan sa-kai, galibi na zango ɗaya ne ko shekara ɗaya, sai an sabunta. Ku yi yarjejeniya cewa idan makinsa ya faɗi zai ajiye hular kwano, wato ya bar wasan, saboda bizarsa a kan karatu ta rataya. Ya je ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin ya karɓi ko dala ɗaya ta talla, domin damar da aka ba 'yan wasa tun 2021 ta cin kuɗi da sunansu tana iya cin karo da sharaɗin bizar ɗalibi. Ya kuma nemi a rubuta masa wanda zai biya kuɗin asibiti idan ya karye ko ya bugu a ka, inshorar jami'a ko taku. Tun da a 'yan shekarun nan azumi yana faɗowa daidai lokacin atisayen ƙarshen hunturu, gara ya sanar da masu horarwa da wuri.

TAMBAYA

Malam, ni malamin wasanni ne a wata sakandare. Wani mutum ya zo mana da maganar cewa idan iyaye suka biya shi zai samo wa yaranmu masu jiki gurbin zari-ruga da tallafi a Amurka. Akwai hanya irin wannan?

Daga wani malami, Daura.

AMSA

Malam, jami'o'in Amurka ba sa sayar da tallafin wasa, kuma ba dillali ke ba da shi ba. Takarda ce da ofishin tallafin ɗalibai na jami'ar ke fitarwa da sunan yaro bayan koci ya ga wasansa. Kafin nan sai yaron ya yi rajista da cibiyar tantancewa ta NCAA, wadda ke duba sakamakonsa na sakandare irin na WAEC, sannan jami'ar ta ba shi gurbin karatu kamar kowane ɗalibi. Ka nemi mutumin ya faɗi sunan jami'ar da na kocin, ka aika wasiƙa ta adireshin da ke shafin jami'ar na intanet, kada kowa ya biya komai sai amsa ta dawo. Hanyoyin da aka sani a fili suke: gasar NFL ta yi sansanin zaƙulo matasa a Ghana a 2022, a Kenya a 2023, a Legas a 2024, tare da Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan New York Giants, kuma tana da makarantar horo a Loughborough ta Ingila, inda wasu ke wucewa zuwa jami'o'in Amurka. David Ojabo, wanda aka haifa a Nijeriya ya tashi a Sikotilan, sai da ya yi sakandare a New Jersey aka ga wasansa kafin Michigan ta ba shi tallafi. Idan kana da yaro mai tsawo da gudu, ka auna tsayinsa da nauyinsa, ka ɗauki bidiyon gudunsa da tsallensa, ka kuma tabbatar takardun Turancinsa da lissafinsa sun yi kyau, domin su za a fara tambaya.