Na canza kapta sau uku, amma mota ba ta daina mutuwa a hanya ba

Tambaya: Assalamu alaikum maigida. Ni direba ne a unguwar Ali Ɗan Sofo, ina jigilar fasinja tsakanin Maraɗi da Ɗan Isa da tsohuwar Peugeot 505. Bara injinta ya gaji, bakanikena ya sauke shi ya sa na 406 mai aiki da fetur, irin mai ƙwaƙwalwa, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, amma ya bar tsohon giyabos. Da yake babu ramin kapta, wato ƴar na'urar da ke karanta juyin inji, a jikin giyabos ɗin, sai ya yi waldar faifai mai haƙora a fulin gaba, wato ƙarfen gaban inji da ke juya bel, ya ɗaure kapta kusa da shi. Da safe motar lafiya lau. In rana ta take, na yi tafiyar kamar rabin awa, sai ta fara gargada ta mutu. In na jira ta huce, sai ta tashi. Kapta uku na saya ke nan. Wane iri zan nema wanda zai daɗe, kuma yaya zan kare shi?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba da sa'a a sana'a. Kada ka sayi na huɗu tukuna. Da wuya kapta uku su lalace a jere iri ɗaya, sai in akwai abin da ke kashe su ko yake hana su gani, kuma wannan abin yana jikin motarka.

Kapta ɗin nan, wanda abokan aikinmu na Katsina da Kano ke kira sensar kiranshaf, shi ne idon ƙwaƙwalwa. Shi ke gaya mata saurin juyawar inji da inda fistin yake, ita kuma ta san lokacin ba da wuta da lokacin fesa mai. A injin 406, haƙoran da yake karantawa suna jikin bolan, wato babban faifan da ke bayan inji wurin kuloci. Gurbin haƙori 60 ne, an cire 2, saura 58, kuma wannan giɓin shi ne alamar da ƙwaƙwalwa ke fara ƙidaya daga kanta. Tunda motarka tana tashi tana gudu da safe, adadin haƙoran faifanka daidai ne, da an sa mai 36 irin na Ford da ba ta taɓa tashi ba. Amma kowane haƙori digiri 6 ne na juyi. In an kauce da haƙori ɗaya wajen walda, lokacin wuta ya goce da digiri 6, inji ya riƙa zafi da shan mai. Sai a duba wannan da fitilar auna lokacin wuta.

Kapta iri biyu ne. Akwai mai maganaɗisu da naɗin siririyar wayar tagulla a ciki, shi da kansa yake haifar da ƴar wuta in haƙori ya gifta gabansa. Irinsa ne a injinka. Akwai kuma wanda ake kira Hall, mai waya uku, wanda sai an ba shi wutar bolt 5 ko 12 yake aiki. Ba a musanya su, ko da sokat ya shiga. Ka lura, mai maganaɗisu ma yakan zo da ƙafa uku, ta ukun ta rigar kariya ce, don haka ƙirga ƙafafu kawai ba ya raba gardama. Ka je kasuwa da lambar da ke jikin na asali.

Yanzu ga gwajin da nake so ka yi kafin ka kashe ko dala. Ka sa bakanike ya auna kaptan da mitar gwajin wutar lantarki da safe yana sanyi, ya rubuta abin da ya gani. Ire-irensu sukan ba da ohm ɗari-ɗari, wasu su haura dubu. Ku shiga motar tare. Da zarar ta mutu, a zare sokat a sake aunawa nan take. In mita ta nuna hanya a yanke, ko lambar ta yi tsalle nesa, to zafi ne ke buɗe wayar ciki: tagullar ta riga ta tsage, in ta ɗau zafi sai ta rabu, in ta huce ta sake haɗuwa. Ko ba mita, ka jiƙa tsumma ka ɗora wa kaptan shi kaɗai. In ta tashi cikin minti biyu maimakon ashirin, ka gano wurin. Sannan ka riƙa kallon allurar juyin inji lokacin da take gargada. Matsalar mai, allura tana sauka a hankali tare da inji. Matsalar kapta, sai ka ga ta faɗi ƙasa tashi ɗaya alhali motar na cikin giya tana tafiya.

Abin da na fi zargi shi ne maɗaurin da aka yi masa. Kwanakin baya an kawo mini wata mota da aka yi wa irin aikin taka. Na sa babban yatsa na danna kaptan, sai ga shi yana lanƙwasa har yana taɓa haƙori. Da langa-langa aka yi maɗaurin, ƙusa ɗaya ke riƙe da shi, bakin kaptan duk ya goge ya yi sheƙi. Tazarar da ake so tsakanin bakinsa da kan haƙori wajen milimita 1 ce, kada ta gaza rabin milimita, kada ta wuce ɗaya da rabi. Ƙarfen da yatsa ke motsawa ba zai riƙe wannan ba a kan ramukan hanya. A yanko ƙarfe mai kaurin milimita 4 ko 5, gajere, a ƙara masa tokari, a ɗaure shi da ƙusa biyu a jikin injin kansa. Kada a ɗaure shi a jikin mota, domin inji yana rawa a kan robobinsa, motar kuma ba ta binsa.

Faifan ma a duba shi. A juya inji da hannu, a auna tazarar a wuri huɗu. In nan milimita ɗaya ce, can kuma biyu, faifan bai zauna a tsakiya ba, sai an kai wa mai injin sassaƙar ƙarfe ya daidaita. In fulin irin mai roba a tsakani ne, to a cibiyarsa ake ɗaure faifai, domin zoben waje yana zamewa in robar ta tsufa, ya tafi da lokacin wutarka. Akwai kuma abin da masu wannan aiki ba su cika lura da shi ba: faifan gaba bai kai bolan faɗi ba, haƙora 58 a kansa sukan fito ƙanana, bakin kapta ya riƙa ganin biyu a lokaci guda. Sigina ta yi rauni tun farko, zafi kaɗan sai ya ƙarasa ta. Shi ya sa ni, in bolan ɗin 406 ne aka bari a motar, na fi son a auna kusurwa da kyau a huda ramin kapta a gidan kuloci, ya koma inda aka ƙera shi ya zauna.

Sai waya, wadda a nan ake yawan yin sakaci. Wutar da kaptan ke bayarwa lokacin tayar da inji ƴar kaɗan ce, wani lokaci ba ta kai bolt ɗaya ba, ga wayoyin filogi kuma suna ɗauke da dubban bolt. In an haɗa su an ɗaure da robar tayar keke, kamar yadda nake gani kullum, ƙwaƙwalwa za ta riƙa jin haƙoran da babu su. A nemo waya biyu murɗaɗɗu masu rigar ƙarfe, a haɗa rigar da ƙasa, wato layin da wuta ke komawa batir, ta ɓangaren ƙwaƙwalwa kaɗai, ɗaya bakin a bar shi a rufe. A bi da ita nesa da koyil, da altaneta, da babbar wayar sitata. Inda aka yi ƙari a narka dalma a rufe da bututun roba mai tsukewa da zafi. Murɗawa da hannu a naɗe salatif ba ya kai damina. Wayoyin biyu kuma kowacce da gurbinta, in an juya su inji kan tashi amma ya riƙa tsalle in an taka. Filoginka su zama masu hana hayaniyar wuta. A na NGK za ka ga harafin R cikin lambar.

Zafin Afrilu da Mayu a Maraɗi yana haura digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin bonet. In kaptan ko wayarsa na kusa da bututun salansa ko tiyon lagireto, a sa farantin alminiyom a tsakani, a bar ɗan sarari iska ta ratsa, kada ya manne da kowannensu. Wayar a zura ta cikin rigar zaren gilashi. Da yake naka yana gaba kuma ƙasa-ƙasa, a yi masa ƴar rumfa ta ƙarfe daga ƙasa saboda tsakuwa da laka, a kuma ɗaure wayar yadda bel da fanka ba za su kamo ta ba. Sokat ɗin ya kalli ƙasa don kada ruwa ya kwanta ciki, ka kuma hana yaran wankin mota harba masa ruwa mai ƙarfi.

Duk lokacin da ka zo juyen baƙin mai, ka leƙa bakin kaptan. Maganaɗisu ne, yana tara garin ƙarfe har ya yi kamar gemu, ƙurar hunturu ta haɗu da maiƙo ta daskare a kai. Tsumma ya isa ya share shi. In za a sake yin walda a jikin motar, a cire kan batir a zare sokat ɗin ƙwaƙwalwa tukuna.

Game da saye, in gwajin zafi ya nuna na jikin motar ya mutu, ka nemi na asali da aka ciro daga injin Kwatano, ko sabo na Bosch ko Valeo in ka tabbatar da mai shagon. Waɗancan da ka cire kada ka yar, ka kai su a auna. Ina kyautata zaton akwai mai rai a cikinsu, sai ka ajiye shi a mota tare da sifana.