Amsa: Ana iya yin gawayin gona da ciyawa?

Malam, ka ce gonarka tana wajen Daura, rairayi ce, kuma kana tambaya ko ciyawa za ta yi gawayin gyaran ƙasa ba tare da an kashe kuɗi ba. Tana yi, sai dai tana da saurin komawa toka, kuma a nan mutane ke yin asara.

Haƙa rami mai faɗin baki da tsukakken gindi, zurfinsa ya kai ƙugu. Ciyawar ta bushe ƙayau, ka ɗaure ta ƙananan dammuna. Kunna wuta a gindin ramin. Da ka ga farar toka ta fara bayyana a sama, sai ka ɗora wani damin. Harshen wutar da ke sama shi ke hana iska kaiwa ƙasa, shi ya sa na ƙasan ke zama gawayi. Kada ka matsa ko nan da can. In ramin ya cika, kwara ruwa sosai. In ruwa ya yi wuya, rufe da ƙasa ka danne har ya huce. Da sassafe ake yi, kafin iskar hunturu ta taso.

Don Allah kada ka ƙona abincin dabbobi. Tsohuwar jinka, ruɓaɓɓen zana na gamba da guntayen kara sun isa.

Kuma kada ka zuba gawayin tsurarsa a gona, zai iya riƙe abincin shuka a farkon damina. Cakuɗa shi da kashin awaki, ka yayyafa ruwa, ya yi mako 2 zuwa 3, sannan ka riƙa sawa a ramin shuka.